Matan da Suka Yi Wa'adin Zama Budurwai Har Mutuwa: Tambayoyi da Amsoshi

Kusan shekara dubu biyu ke nan ana samun mata Kirista da suke tsayawa a gaban jama'a su ce ba za su yi aure ba har ƙarshen ransu, domin sun ba da kansu ga Almasihu. Wasu sun zama sistoci, wasu sun zauna a gidajen iyayensu, wasu kuma an kashe su a kan maganar. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da su.

Mene ne ainihin wa'adin, kuma wa ake yi wa shi?

Allah ake yi wa shi, ikilisiya shaida ce kawai. Mace tana alkawarin barin aure da duk wata tarayyar jiki da namiji, ta mai da lokacinta da zuciyarta ga addu'a da hidima. Shi ya sa tun zamanin da ake kiran irin wannan mace amaryar Almasihu, ana kuma sa mata zobe da mayafi kamar yadda ake yi wa amarya. Sistoci suna ƙara wa'adi biyu a kan wannan, wato talauci da biyayya: ba su mallakar dukiya ta kansu, kuma suna bin umarnin shugabar ƙungiyarsu.

Abin yana da tushe a Littafi Mai Tsarki?

Yana da shi, amma a matsayin shawara. A Matiyu 19:12 Yesu ya yi maganar waɗanda suka bar aure saboda Mulkin Sama, ya ce wanda zai iya ɗauka ya ɗauka. Manzo Bulus ya faɗaɗa zancen a 1 Korintiyawa sura 7. Ya fito fili ya ce ba shi da umarni daga Ubangiji game da budurwai, ra'ayinsa yake bayarwa. Ya ce budurwar da ta yi aure ba ta yi zunubi ba, sai dai marar aure hankalinta ba ya rabuwa biyu. Ayyukan Manzanni 21:9 kuma ta ambaci 'ya'yan Filibus mai bishara su huɗu, budurwai masu yin annabci.

A gefe guda, 1 Timoti 4:3 ta la'anci koyarwar masu hana mutane aure. Duk gardamar da Kirista suka yi a kan wannan batu tsakanin waɗannan ayoyi take yawo.

Yaushe aka fara, kuma a ina suke zama?

Budurwan farko ba su da gidan sufaye. A gidan uba suke zama, suna azumi, suna addu'a, suna sa tufafi marasa ado, an kuma ware musu wuri a majami'a. A ƙarni na 3 sun yi yawa a Afirka ta Arewa har manyan malaman Kartaj, Tertuliyan da Sifiriyan, suka yi rubutu a kan lulluɓinsu da suturarsu. A Masar, lokacin da Antoni, wanda ake kira uban sufayen Kirista, zai shiga hamada wajen shekara ta 270, sai ya danƙa ƙanwarsa a hannun wasu budurwai amintattu, abin da ke nuna cewa matan sun riga shi haɗa kai. A ƙarni na 4 wani jagoran sufaye, Pakomiyus, ya kafa gidan zuhudu na mata a kusa da kogin Nilu, ƙanwarsa Maryamu ce ta shugabance shi.

Daga nan abin ya bazu. Makirina, yayar bishop-bishop Basil da Giregori na Nisa, ta ƙi sake karɓar wani bayan saurayin da aka yi mata baiko da shi ya rasu, ta mai da gidansu wurin ibada inda ita da barorin gidan suke cin abinci iri ɗaya. Marsalina ta karɓi mayafi daga hannun Fafaroma Liberiyus a Roma, ƙanenta Ambros bishop na Milan kuma ya rubuta mata littafi a kan budurci a shekarar 377. An ce wa'azin Ambros ya kai iyaye mata a Milan suna hana 'ya'yansu zuwa saurare, don kada su dawo gida su ce sun fasa aure.

Me ya sa aka kashe wasunsu? Ƙin aure ai ba laifi ba ne.

A daular Roma kusan laifi ne. 'Ya mace a ƙarƙashin ikon ubanta take, aurenta kuwa hanya ce ta ƙulla zumunci tsakanin manyan gidaje da tsare gado. Tun zamanin sarki Agustas akwai dokokin da ke tauye gadon wanda ya ƙi aure. Romawa sun san budurwan allahiya Besta, su shida masu tsaron wutar haikali, amma su hukuma ce ke zaɓarsu tun suna yara, na shekara 30, kuma wadda ta karya doka da rai ake binne ta. Abin da ba su saba gani ba shi ne yarinya ta tashi da kanta ta ce wa ubanta da mai nemanta da alƙali ta riga ta ba da kanta ga wani Ubangiji da ba sa gani.

Labaran shahidan nan kusan hanya ɗaya suke bi. Mai neman aure ya ji haushin an ƙi shi, sai ya kai ƙara cewa yarinyar Kirista ce, a lokacin da Kiristanci haramun ne. Haka aka ba da labarin Agata ta Kataniya a tsibirin Sisili, wadda aka kashe wajen 251 a mulkin Desiyus. Haka na Lusiya ta Sirakus a 304, zamanin tsanantawar Diyokletiyan. Haka kuma na Agnes ta Roma, yarinya 'yar shekara 12 ko 13. Har yau ana tunawa da Agnes ranar 21 ga Janairu, ana sa wa 'yan raguna albarka a Roma, da ulunsu ake saƙa ɗan gyalen da Fafaroma ke ba manyan bishop-bishop. Sunayen Agata, Lusiya, Agnes da Sisiliya suna cikin tsohuwar addu'ar Mas (babbar sujadar Katolika) ta Roma, jere da Perpetuwa da Felisita, waɗanda su iyaye mata ne masu jarirai da aka kashe a Kartaj a 203. Wannan jeri ya cancanci a lura da shi: budurwai da masu goyo a layi ɗaya.

Duk abin da ake faɗa a kansu gaskiya ne?

A rarrabe. Cewa sun rayu, an kashe su, an kuma girmama kaburburansu tun da wuri, wannan tabbatacce ne ga irin su Agnes da Lusiya. Amma dogayen hikayoyin, na wutar da ta ƙi ci da gashin da ya tsiro ya rufe jiki, an rubuta su ne shekaru da yawa bayan mutuwarsu, marubutan kuma suna aron juna. Cocin Katolika da kanta ta tace kalandar waliyyai a 1969, ta cire bukukuwan wasu da tarihinsu ba shi da ƙarfi, kamar Babara da Ursula.

Kowace sista budurwa ce?

A'a, kuma nan mutane suka fi ruɗewa. Wa'adin sista gaba yake kallo: daga yau ba aure. Gwauruwa tana iya ɗaukarsa. Paula, wadda ta kafa gidajen ibada a Baitalami tare da Jerom, malamin da ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, 'ya'ya biyar ta haifa. Rita ta Kasiya ta shiga bayan mutuwar mijinta da 'ya'yanta biyu maza. Elizabet An Seton, waliyyiya ta farko haifaffiyar Amurka, gwauruwa ce mai 'ya'ya biyar.

A Cocin Katolika akwai hanyoyi uku da ya kamata a bambanta. Akwai masu kulle, irin su ƙungiyar Kamelawa da mabiyan Kilara ta Asisi, waɗanda ba sa fita sai da babban dalili, aikinsu addu'a ne dare da rana da sana'ar hannu. Akwai sistocin da aka fi gani, masu makarantu da asibitoci da gidajen marayu. Sai ta uku, wadda ita ce mafi tsufa amma mutane ba su san ta ba: keɓaɓɓiyar budurwa mai zama cikin jama'a. Ita ba ta da ƙungiya, ba ta da rigar sistoci, ba ta yin wa'adin talauci. Tana iya zama malama ko nas ko akawu, tana biyan hayarta, tana ƙarƙashin kulawar bishop ɗin dayosis ɗinta. Wannan hanya ta ɓace na ɗaruruwan shekaru, har a 1927 Roma ta ƙi yarda a dawo da ita. Sai bayan babban taron bishop-bishop da ake kira Majalisar Batikan ta Biyu aka fitar da sabon tsarin keɓewa ranar 31 ga Mayu 1970, a zamanin Fafaroma Bulus na Shida. Sharaɗinta ya fi tsauri: sai wadda ba ta taɓa aure ba, ba ta kuma taɓa zaman da ya saɓa wa kamun kai a bainar jama'a ba.

To, wadda aka yi wa fyaɗe fa? Ta rasa matsayinta?

An amsa wannan tun da daɗewa, amsar kuma ta fi abin da wasu masu wa'azi ke faɗa a yau tausayi. Da mayaƙan Got suka washe Roma a shekarar 410, an ci zarafin mata da yawa, har da waɗanda suka yi wa'adi. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya rubuta cewa tsarki a zuciya da niyya yake zaune, abin da wani ya yi wa jikinka da ƙarfi ba ya ƙazantar da kai, laifin na mai yi ne. Ya kuma ce bai halatta mace ta kashe kanta don kunya ba.

Ina ganin ya kamata a riƙa tuna wannan duk sa'ad da ake ba da labarin Mariya Goretti, 'yar shekara 11 da maƙwabcinsu ya sassoke ta a Italiya a 1902, ko na Sista Anuwarite Nengapeta da 'yan tawayen Simba suka kashe a Isiro ta ƙasar Kwango ranar 1 ga Disamba 1964 saboda ta ƙi wani kanar, wadda Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana mai albarka a Kinshasa a 1985. Jaruntakarsu ba ta da shakka, dukansu biyu kuma sun yafe wa makasansu kafin su cika. Amma idan mai wa'azi ya juya labarin ya zama kamar wadda ta tsira da ranta ta gaza, ya cuci yarinyar da ke zaune a benci tana ɗauke da irin wannan ciwo a ɓoye. Takardar da Batikan ta fitar a 2018 kan keɓaɓɓun budurwai ta bi wannan layi, ta ce ba a taƙaita kiran ga yanayin jiki kaɗai, bishop ya duba kowace mace da halinta. Wasu daga cikin keɓaɓɓun, musamman a Amurka, ba su ji daɗin wannan sassauci ba, suka ce an raunana ma'anar sunan.

Yaya ake yin bikin keɓewa?

A tsakiyar Mas ake yi, bishop ne kuma kaɗai ke yinsa. Bayan karatun Bishara sai a kira matar. Ta taso da fitila ko kyandir a hannu, alamar budurwai masu hikima na Matiyu 25, sau da yawa cikin farar riga, mata biyu suna mata rakiya. Bishop ya tambaye ta ko ta ƙudura ta dawwama a haka har ƙarshen ranta, ta amsa da bakinta. Sa'an nan ta kwanta rubda ciki a gaban bagade, jama'a suna rera sunayen tsarkaka ɗaya bayan ɗaya suna roƙon addu'arsu. In ta tashi sai ta durƙusa, ta sa hannuwanta cikin na bishop ta sabunta ƙudurinta. Ya miƙa hannu a kanta ya yi doguwar addu'ar keɓewa, wadda kalmominta suna cikin tsofaffin littattafan addu'a na Roma. A ƙarshe ya sa mata zobe, ya ba ta mayafi in ana so, da littafin addu'o'in sa'o'i da za ta riƙa karantawa safe da yamma. Washegari ta koma bakin aikinta da zoben a yatsa.

Shekara nawa ake ɗauka kafin sista ta yi wa'adin har abada?

Ba abin gaggawa ba ne. Dokar coci ta 1983 ta ce ba a karɓar mai koyo sai ta cika 17. Koyon kansa aƙalla wata 12 ne, ba ya wuce shekara 2. Daga nan sai wa'adin wucin gadi na shekara 3 zuwa 6, ana iya ja har 9. Wa'adin dindindin sai ta kai 21 aƙalla, amma yawanci sun haura haka nesa. Ga masu kulle, ƙa'idar 2018 ta sa horon duka ya zama shekara 9 zuwa 12. A duk tsawon lokacin nan ƙofa a buɗe take, da yawa kuma suna komawa gida.

Ba a taɓa tilasta wa mata shiga ba?

An yi, kuma ba kaɗan ba. A Turai, musamman biranen Italiya a ƙarni na 16 da na 17, dukiyar da uba ke ba 'yarsa ta tafi da ita gidan miji ta yi tsada ƙwarai, abin da gidan sistoci ke karɓa kuwa kaɗan ne a kan haka. Sai mai 'ya'ya mata huɗu ya aurar da ɗaya, ya tura uku bayan katanga. Arkanjela Tarabotti ta birnin Benis, wadda aka sa a gidan sistoci tun tana yarinya ba da sonta ba, ta shafe rayuwarta tana rubutu mai zafi a kan zaluncin iyaye maza. Majalisar Tirent a 1563 ta yanke cewa duk wanda ya tilasta wa mace shiga an fitar da shi daga tarayyar coci, ta hana wa'adi kafin shekara 16, ta kuma ce bishop ya gana da yarinyar ya ji ta bakinta. Dokar ta yi kyau a takarda, iyaye masu ƙarfi dai sun daɗe suna zagaye ta.

Abin mamaki shi ne, irin waɗannan iyaye su ne kuma ke tare hanya in yarinya ta so shiga da kanta. Kilara ta Asisi tana da shekara 18 ta sulale daga gidansu da dare, ranar Lahadin Dabino ta 1212, ta gangara ƙaramar majami'ar da Faransis na Asisi da 'yan'uwansa sufaye ke jiranta da fitilu. Nan aka yanke mata gashi, ta tuɓe kayan alfarma ta sa tsumma. Da danginta maza suka zo ɗaukarta da ƙarfi, sai ta riƙe mayafin bagade, ta yaye lulluɓinta suka ga kai a aske. Suka haƙura. Ta shafe kimanin shekara 40 tana ja-in-ja da fafaromomi a kan a bar gidanta ya zauna ba gona ba kadara, aka amince da dokar da ta rubuta kwana biyu kafin ta rasu a Agusta 1253. Katarina ta Siyena ma gashinta ta yanke don a daina kawo mata masu neman aure, iyayenta suka mai da ita baiwar gida don su karya ta, ba su iya ba. Wadda aka tura da wadda aka hana, cuta ɗaya aka yi musu: ba a tambaye su ba.

In ta gaji, za ta iya fita ta yi aure?

Mai wa'adin wucin gadi tana tafiya in lokacinsa ya cika. Mai na dindindin sai ta rubuta takardar neman izini, wadda Roma ko bishop ke amsawa gwargwadon irin ƙungiyar. In an ba ta, an kwance mata wa'adin, tana iya aure a coci. A da abin ya fi haka tsanani: Majalisar Kalsidon ta 451 ta ce a ware budurwar da ta yi aure bayan wa'adi daga tarayya, ko da yake ta bar wa bishop ikon yin sassauci.

Wannan ba raina aure ba ne?

Wasu sun kai shi can. Jerom ya zafafa har abokansa a Roma suka yi ƙoƙarin janye rubutunsa daga hannun mutane, lokacin da yake mai da martani ga Jobiniyan, wanda ya ce ladan budurwa da na matar aure ɗaya ne. An hukunta ra'ayin Jobiniyan wajen 393. Agustin ya nemi tsakiya a wajen 401: aure abu ne mai kyau, budurci ya fi, amma matar aure mai tawali'u ta fi budurwa mai girman kai. Majalisar Gangara ta riga ta la'anci mai ƙin aure don ƙyama. Tirent ta riƙe cewa budurci ya fi daraja, sai dai koyarwar Katolika tun daga Batikan ta Biyu ta fi nanata cewa kowa an kira shi ga tsarki, da mai aure da marar aure.

Me ya sa ba a cika ganin sistoci a cocin Furotesta ba?

Martin Luta ya rubuta a 1521 cewa wa'adin sufaye ba ya ɗaure lamiri, domin ba da ayyuka ake samun ceto ba. A 1523 wasu sistoci suka gudu daga gidansu na Nimshen a Jamus, ɗaya daga cikinsu, Katarina fon Bora, ta zama matarsa a 1525. A Ingila sarki Henri na Takwas ya rufe gidajen sufaye duka tsakanin 1536 da 1540. Akwai kuma sistocin da suka ƙi fita, kamar na Nurembag ƙarƙashin Karitas Pirkaima, waɗanda suka ce su da sonsu suka shiga.

Daga baya abin ya dawo ta wata ƙofa. Lutarawa sun fara horar da dikonesoshi, wato mata masu hidimar coci, marasa aure a Kaisaswat a 1836, Angilikan kuma sun sake samun sistoci tun daga 1841. Cocin Otodoks, da na Kibɗawan Masar da na Habasha, ba su taɓa yankewa ba.

Me suka tsinana wa duniya, ban da addu'a?

A zamanin da mace ba ta da hanyar karatu ko shugabanci, gidan sistoci ne ya ba ta. Hildegad ta Bingen, wadda ta rayu daga 1098 zuwa 1179, ta rubuta littattafan tauhidi da na magani, ta tsara waƙoƙi, ta aika wa sarakuna wasiƙun gargaɗi. Katarina ta Siyena ta matsa wa Fafaroma Giregori na Sha Ɗaya ya bar Abinyon ya koma Roma, ya koma a 1377, ita kuma ta rasu tana da shekara 33. Tereza ta Abila ta kafa gidaje 17 a Sifen tana fama da ciwo. Mata huɗu ne kacal Cocin Katolika ta ba laƙabin Malaman Ikilisiya: su ukun nan da Tereza ta Lisiyo, wadda ta mutu tana da 24. Anjela Merici ta kafa Ursulawa a 1535, waɗanda suka zama manyan masu koyar da 'ya'ya mata. Josefin Bakita, wadda aka sace a Darfur aka sayar da ita baiwa sau da yawa, ta tsaya a gaban hukuma a Italiya a 1889 ta ce ba za ta bi uwargijiyarta ba, za ta zauna da sistoci. Aka tabbatar mata da 'yancinta, ta yi wa'adi a 1896, ta rasu a 1947.

Tarihin yana da tabo. Gidajen wanki na Magadala a Ailan, da ƙungiyoyin sistoci suka gudanar, sun tsare mata suna aiki ba albashi, na ƙarshe sai a 1996 aka rufe shi. Sistoci su ma an zalunce su: a Fabrairun 2019 Fafaroma Faransis ya amsa a gaban 'yan jarida cewa akwai fada-fada da bishop-bishop da suka ci zarafinsu.

Har yanzu ana samun masu shiga?

Ana samu, amma taswirar ta sauya. A wajen 1970 sistocin Katolika sun kai kimanin miliyan ɗaya a duniya, yanzu suna wajen dubu 600. Raguwar a Turai da Amurka ta fi yawa, inda ake rufe gidaje saboda tsufa ya cim ma mazauna. A Afirka adadin ƙaruwa yake yi, Indiya kuma tana cikin ƙasashen da suka fi yawan sistoci, har ana ɗaukar wasu daga waɗannan wurare su je su riƙe gidajen da a da su ne ke aiko da 'yan mishan. Keɓaɓɓun budurwai masu zama cikin jama'a kuwa, waɗanda aka dawo da tsarinsu a 1970, an ƙiyasta sun haura 5,000, mafi yawansu a Faransa, Italiya da Ajantina.